Sauron da Jamaluddeen Ke Kiwo

"Kiwon sauro! A duk zuriyarmu wa ka taɓa ji ya yi kiwon sauro?"

Dogo ne ke faɗa, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin gwajin da ke bayan garin Gumel. Ya ƙi shiga, ya kuma ƙi tafiya. Ƙanensa Jamaluddeen na jingine da bango yana sauke hannun rigarsa.

"Aiki ne, Yaya."

"Aikin da tun kaka ba a biya ka ba? Ɗaga rigar nan in gani. Ɗaga mana."

Bai ɗaga ba. Dogo ya kamo hannun ya naɗe rigar da kansa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa ƙuraje ne birjik, sababbi a kan tsofaffi. Ya saki hannun, ya yi tsaki.

Jamaluddeen difloma ya yi a kan aikin ɗakin gwaji. Cikin waɗanda suka gama tare, ɗaya yana cajin waya, ɗaya yana koyarwa a makarantar kuɗi, sauran suna gona. Shi kaɗai ya sami aikin da ya karanta, da wasu masu bincike suka zo suna gwada magungunan gidajen sauro. Da damina yakan bi kududdufan Gagarawa da Ɗanzomo da ludayi, ya kwaso tsutsotsi, ya raine su cikin kejin raga har su yi fiffike su hayayyafa. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma yana shigowa. Kwantiragi ya ƙare, masu binciken suka koma Kano, suka ce a riƙe sauron kafin a sabunta aikin. Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini. A da jinin zomaye ake ba su. Dusa ta yanke, zomayen suka mutu, ya koma ɗora hannunsa a kan ragar.

"Mansura ta zo wajen Iya jiya," in ji Dogo. "Ba ƙararka ta kawo ba. Gero ta zo aro. Matarka, a gidan uwarka, da ƙwarya."

Jamaluddeen ya dubi ƙasa.

"Ina da sito a Maigatari, riɗi da zoborodo, ba mai tsaya min. Kai ka iya duba kaya, ka san ƙwaro in ka gan shi, ka iya magana da mutanen duwan, 'yan kwastan na kan iyaka, ba ka yi in'ina ba. Gobe Alhamis, kasuwa. In ban gan ka ba Ilu zan ba, ɗan wan matata. Shi ma zaune yake, sai dai shi ba wanda ke shan jininsa."

Daga cikin ɗakin Khairiyya ta yi dariya. Ita ce abokiyar aikin, tana wanke farantan tsutsa.

"Yaya Dogo, ni ba gurbi?"

"Ke ma kina ba su?"

"Allah ya kiyaye. Ni ruwan sukari nake ba su."

"To ke ce mai hankalin."

Jamaluddeen ya shiga ciki. Ɗakin akwai sanyi-sanyi, saboda jiƙaƙƙun buhunan da suke rataye a tagogi. Ga keji-keji jere a kan benci. Sauron da ke ciki ba su taɓa ganin kududdufi ba, a nan aka haifi iyayensu da kakanninsu, kuma abin da ya ba su daraja ke nan wajen masu gwaji. In suka mutu sai wata daminar, a faro daga tushe. Ya san a duk yankin ba wani ɗaki irin wannan. In ya fita daga nan, ya fita daga aikin ke nan.

Sakin su cikin gari kuwa ba ya yiwuwa. Ƙa'ida a kashe su a firji, firjin kuma ba wuta. Saura rana.

Ya ɗauki keji ɗaya ya fito da shi tsakar fili, ya rufe da baƙar leda, ya danne da duwatsu. Ya koma ya ɗauko na biyu. Dogo ya matsa ya ba shi hanya. Rana ta take, ko inuwar darbejiya ta tsuke.

Khairiyya ta biyo shi da hannu a jiƙe.

"Jamalu, tsaya. Oga ya kira ni daga Kano shekaranjiya. Ya ce takardun suna kan tebur, ƙila wata mai kamawa."

"Haka ya ce da ƙaramar salla."

"Ya ce wannan karon da gaske ne."

Ya shiga ya ɗauko na ƙarshe, wanda matan sauron ke ciki, cikinsu jajir da abin da suka sha da safe. Nan ya tsaya a bakin ƙofa da shi a rungume. Dogo ya hau babur ya tayar, ya bar shi yana ƙara.

Khairiyya ta dubi ledojin da ke rana, ta dubi wanda ke hannunsa.

"In ka bar min wannan, wa zai ba su gobe?"