Shekarar da Na Zagi Albasar Galmi

A 1988 ni ne malamin Ingilishi a kwalejin Malbaza, kuma ni na fi kowa iya harshen a garin, domin ban da ni babu wanda ya gwada. Mushe Labbo ake ce mini, wato Malam Labbo da Faransanci. Tsarin karatun da aka aiko mana daga Yamai ya ce ɗan ajin ƙarshe ya iya tambayar hanyar gidan waya, ya sayi tikitin jirgin ƙasa, ya yi hira kan dusar ƙanƙara. Yarana ba su taɓa ganin jirgin ko dusar ba, ni ma haka, amma duk sun iya. A rubuce.

Wadda ta fi su iyawa ita ce Hawa'u, ɗiyar Mato manomin albasa na Galmi. In ta rubuta, nakan rasa inda zan sa jan biro. In na ce ta tashi ta faɗa da baki, sai ta zuba wa silifas ɗinta ido har a kaɗa ƙararrawa. Ga shi jarrabawar birebe, ta gama kwaleji, tana da Ingilishin baka, wani baƙon malami zai zo daga Tawa ya yi wa kowa tambayoyi. Mato kuwa ya riga ya yanke magana: in ta ci, ta wuce lise, makarantar gaba da kwaleji, a Tawa, in ta faɗi, garka tana jiran mai ban ruwa.

Na yi tunani mai zurfi, irin wanda ba na yawan yi, na gano maganin. Yaran ba su taɓa jin Ingilishi a bakin kowa ba sai nawa. To ga Najeriya nan bayan Ƙonni, ƙasa guda cike da Ingilishi! Ranar kasuwar ƙetare na loda ajin a motar Chindo direba, na kafa doka: da mun wuce iyaka, Hausa ta haramta.

Yaro na farko ya tunkari wani dattijo mai goro, ya ce masa barka da safiya da Ingilishi, ya tambayi farashi.

"Kai, ba a gaisuwa garinku?" in ji dattijon. "Ɗan wa kake?"

Kafin in iso sun gano kakar yaron ƙanwar surukarsa ce. Na gaba aka tambaye shi ko ba shi da lafiya. Wani mai atamfa ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mu ma nan sai mun je kotu muke jin wannan yaren." Muka wuni muna yawo, yara suka ƙoshi da rake da tsiren da dangi suka saya musu, ba wanda ya samu ko kalmar Ingilishi ɗaya. Chindo ya yi dariya har ya riƙe ciki.

A hanyar dawowa ya tsaya tashar manyan motoci ta Ƙonni don ya zuba ruwa a lagireto. Can na hango wata mata ƙatuwa tsaye a kan buhunan albasa tana ta faɗa, dillalai suna kallonta kamar rediyo. Daga Gana ta zo, zuwanta na farko, ba Hausa ba Faransanci. Ingilishi tsantsa! Na gyara wuyan riga na je na gaishe ta, na tambaye ta yanayin sama a ƙasarsu, kamar yadda darasi na huɗu ya koyar.

Ba ta kula ni ba. Ta ɗaga albasa guda ta ce, wannan ce albasar Galmin da aka sa ta keto ƙasashe dominta? Ƙarama, ba kyan gani, kuma ta rantse kafin ta kai gida ta ruɓe.

"Ƙarya ne!"

Da Ingilishi aka faɗa, daga bayana. Na waiwaya, Hawa'u ce. Ta ture ni gefe ta karɓe albasar. Ta ce wa matar ta yanka ta gani in ba ta yi kuka ba. Ta ce ubanta yana ajiye irinta a rudu, rumbun albasa, har damina ta wuce ba ta yi komai ba. Ta ce manyan da matar ke so ruwa ne kawai a cikinsu. A Ingilishin nata jiya ta shige cikin gobe, namiji ya koma mace, duk dokokin da na koyar suka watse a ƙasa, amma ba ta tsaya ba. Matar ta ciro wuƙa ta yanka, hawaye suka zubo mata, ta rungume yarinyar tana dariya.

Daga ranar na canza aiki. Kullum in na shiga aji sai in zagi wani abu da Ingilishi. Na ce 'yan kokawar Tawa ko ɗan akuya ba su iya kayarwa. Na ce kilishin Ƙonni takalmi ne aka shafa wa yaji. Albasar Galmi kuwa na zage ta ya fi a ƙirga. Aji ya koma kasuwa, har na bayan da ban san muryarsu ba suna miƙewa suna nuna ni da yatsa. Ba a jima ba magana ta fita gari. Mai nama ya daina yi mini gyara. Darakta ya kira ni buro, ofishinsa, ya ce, "Mushe Labbo, mi albasa ta yi maka?"

Ranar jarrabawa na tsaya gindin dogon yaro kusa da taga, ina yi kamar inuwa nake sha. Hawa'u ta shiga. Shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara hango ta da guga a bakin rijiya. Sai na ji muryarta ta tashi, ta yi ta tashi. Da baƙon ya fito shan iska yana share gumi, ya ce mini, "Sunanta fa kawai na tambaya, da sana'ar ubanta."

Da Hawa'u ta fito na tare ta na ce, "Ke, ya aka yi?"

"Da farko bakina ya ƙi, Mushe. Sai na dube shi da kyau, na ga yana da fuskar mai raina albasa."

Ta ci. Bayan an faɗi sakamako da 'yan kwanaki, na ji jaki a ƙofar gidana. Mato ne a kan amalanke, da buhu cike har ya yi tozo. Bai sauko ba.

"Kai ne Mushe Labbo?"

Na ce ni ne.

"Ɗiyata za ta Tawa, mun gode Allah, mun gode maka." Ya turo buhun ya faɗo gabana. "Wannan kuma ka ci. In ka gama ka zo Galmi ka maimaita abin da aka ce kana faɗi, da Hausa."