Sauron Auta

Ni na ɗinka wa sauron Auta kejinsu. Wani mai walda ya haɗa ƙarfen, ni kuma na yanka farar raga na lulluɓe shi, na fitar da hannu guda a gaba irin na riga, inda za a zura hannu a ɗaure bakin. Ranar da ta kawo min aikin shago na ce mata, "Ke Auta, kowa a duniya yana ɗinka gidan sauro don sauro ya kwana a waje, ke kin zo in ɗinka miki wanda zai kwana a ciki?" Ta yi dariya har tana riƙe kan kekena, ta ce in dai yi aikina, kuma kada in bar ko 'yar kafa.

Ƙanwata ce, ni na raine ta bayan rasuwar mahaifiyarmu. A jami'a Dakta suke ce mata, suna rusunawa. Ni da na wanke mata kashi, Auta na sani.

Wasu sauro ta kamo a bakin wani kududdufi shekarun baya. Ta ce a cikin cikinsu akwai wata 'yar mitsitsiyar halitta da ke hana ƙwayar zazzaɓi girma, don haka ko sun ciji mai zazzaɓi ba sa kai wa na gaba. Abin da ya rage mata ta tabbatar shi ne uwar sauro tana gadar wa 'ya'yanta wannan abu, har jika da tattaɓa kunne. Ta tura sakamakonta wata babbar mujalla, masu dubawa suka ce aikin ya yi kyau amma zuriyar da ta bi ta yi kaɗan, ta ƙara. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba, suna can zaune, sun ce ta ƙara. Ita kuwa ta ce to.

Matsalar, macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. A wasu wuraren jinin dabba ake ɗumamawa a ɗan kofi, a rufe da fata siririya, su zo su tsotsa. Nata suka ce ba su san zancen ba. 'Yan daji ne, sai su zauna a jikin raga suna kallon kofin har jinin ya huce. Sai ta zura musu hannunta. Sau biyu a mako take shiga wannan ɗaki mai zafi da warin ruwan tsutsa, ta naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, ta cusa cikin keji, a lulluɓe da baƙin ƙyalle don su zaci dare ne. Baƙin ƙyallen ma ni na ɗinke masa baki. Tun daga wuyan hannunta har gwiwa babu inda za ka ɗora yatsa ba ka taɓa ƙurji ba.

Kuma abin da doka yake. Mai ciyar da sauro ba ya shafa turare, ba ya wanka da sabulu mai ƙamshi, ba ya shan magani ko na ciwon kai ne, don abin da ya shiga jininka ya shiga cikinsu. Wani maganin ya kashe su nan take, wani ya kashe halittar da ke cikinsu, aikin shekaru ya bi ruwa. Auta ta sha kwana da ciwon haƙori tana juyi, ƙwaya ɗaya ba ta haɗiya ba. Na yi faɗa har na gaji na zuba mata ido.

Wajen gwada mata riga na gano abin. Na zagayo da tef ta ƙirjinta, ta ɗan zabura.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Yaya. Tef ɗin ne da sanyi."

"Tef ɗina da ya wuni a wuyana ne da sanyi? Ɗaga hannunki."

Na taɓa na ji shi, ƙullutu mai tauri a gefen nono. Da irinsa mahaifiyarmu ta fara. Na ce tun yaushe, ta ce ya ɗan kwana biyu. Washegari na rufe shago na tasa ta gaba sai asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Da sakamako ya fito likitar, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ce ciwon daji ne, amma mun yi sa'a bai bazu ba. A fara ƙarin ruwan magani cikin makon nan, daga baya a yi aiki.

Ina hamdala, sai na ji Auta tana tambaya, "Maganin yana daɗewa a jini?"

Likita ta ce ƙwarai kuwa.

"To a ba ni lokaci kaɗan. Akwai abin da zan ƙarasa."

A bakin ƙofar asibitin na yi mata tatas, mutane suna kallonmu. Na ce wane irin rashin hankali ne wannan, karatun naki haukata ki ya yi? Ta ce zuriya uku kawai suka rage, in ta fara magani yau ba mai ciyar da su, cikin mako biyu babu sauran ko ɗaya, kuma kududdufin da ta kamo su an cike shi an gina shaguna a kai. Na ce ɗalibanki fa? Ta ce jami'a ta haramta a sa ɗalibi ya ba da jininsa. Na ce Dogo fa? Dogo shi ne mai kula da ɗakin, shi ke canza wa tsutsa ruwa yana jiƙa musu auduga da ruwan sukari.

"An gwada shi, Yaya. Ya zura hannu, ko ɗaya bai sauka ba. Jinina suka saba da shi tun kakanninsu. Ba sa shan na kowa."

Ta faɗa da wani irin alfahari da ya ƙona min rai, kamar uwar da ɗanta ba ya yarda da kowa sai ita. Kuma na yarda da maganar. Ita ce Dakta, ni tela ce.

Zuriya uku suka zama huɗu, don wutar lantarki ta ɗauke a wani ƙarshen mako, ɗakin ya yi sanyi, ƙwai suka ƙi ƙyanƙyashewa sosai. Huɗu suka zama shida. Asibiti suka yi ta kiran wayarta tana kashewa, suka koma kiran tawa. Na roƙe ta, na zage ta, na yi fushi na daina zuwa gidanta, na dawo da kaina don ba ni da wata. Na haɗa ta da kabarin mahaifiyarmu, ta yi kuka ta ce saura ƙiris. Kullum saura ƙiris. Rigar da na ɗinka mata ta dawo min sau biyu in rage. A karo na biyun na lura ba ta iya ɗaga hannun hagu sama, kuma in ta hau matakalar shagona sai ta tsaya ta dafa bayanta.

Ranar da haƙurina ya ƙare, da hantsi ne. Ta kira ni ta ce in saya mata robar ruwan zafi ta gasa jiki don bayanta ya hana ta barci, wai kada in sayo magani. Na ajiye almakashi na shiga kantin da ke kusa da ni, na sayi gwangwanin maganin sauro na feshi, babban, na jefa a jaka na hau mota sai jami'a. Ko mayafina ban gyara ba, gumi sharkaf. Na ce wallahi yau sai dai ta tsine min, amma za a yi ta ta ƙare.

Na same ta zaune gaban keji tana ƙoƙarin naɗe hannun riga. Dogo na gefe yana tace tsutsa. Na zaro gwangwanin. Dogo ya saki salati ya yo kaina, na daka masa tsawa ya tsaya. Auta ba ta yi ihu ba. Ta miƙe a hankali ta jingina bayanta da kejin, ta buɗe hannuwa.

"Yaya, in kin fesa, ni kika fesa wa."

"Gara in fesa miki da in binne ki!"

"Shekaruna ne a ciki. Ba ni da miji, ba ni da ɗa. In na mutu ba tare da wannan ba, me na zo yi?"

"Kin zo ki zama ƙanwata, don ubanki!"

Ubanmu ɗaya, amma haka bakina ya faɗa. Yatsana na kan maɓallin, na kasa dannawa. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, kuma kallon da take min shi ne na lokacin da take ƙarama in na ɗauki bulala. Na yi jifa da gwangwanin ya gangara ƙarƙashin tebur. Takaici ya ishe ni na rasa inda zan sa kaina, sai na ture ta gefe, na kwance bakin hannun kejin da ni na ɗinka, na cusa hannuna har gwiwa.

"Jini kuke so? Ga shi, ku sha ku mutu, 'yan banza!"

"Ba za su sauka ba, Yaya," in ji ta a gajiye.

Ko baƙin ƙyallen ba a lulluɓa ba. Na ji ɗaya ya sauka a bayan hannuna, sai wani a wuyan hannu, sai suka taso daga jikin raga gaba ɗaya suka rufe ni baƙi ƙirin. Zafi kamar an watsa min allurai. Ina kallo cikinsu yana kumbura yana yin ja, suna tashi da ƙyar suna komawa jikin raga, wasu na sauka a gurbinsu.

Auta ta matso ta kafa fuskarta a jikin ragar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wajen Dogo.

"Ranar da ka gwada, me ka shafa?"

"Ban shafa komai ba, Dakta. Ba turare, ba sabulu, yadda kika ce." Ya sosa ƙeya. "Sai dai man zafi. Kafaɗata ce ta riƙe a lokacin, matata ta murza min da safe. Ban ɗauka yana cikin lissafi ba."

"Sau nawa muka gwada?"

"Sau ɗayan nan ne."

Wannan yarinya ita ce ke mayar wa ɗalibai aikinsu in sun kawo sakamakon gwaji ɗaya. Da kunnena na sha jin tana ce musu abin da aka gani sau ɗaya ba a gan shi ba, a je a maimaita. Ta fara dariya, wata dariya mara daɗin ji, ta zame ta zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka. Ni kuma hannuna na cikin keji, na kasa cirewa in rungume ta don kada su tsere.

Washegari muka koma asibiti. Aka sake ɗaukar hoto. Likitar ta daɗe tana kallon allon kwamfutarta kafin ta juyo, kuma ba ta ce mana da kun dawo da wuri ba, Allah ya saka mata. Ta ce ya shiga ƙashin baya, ya taɓa hanta. Maganar aiki babu ita yanzu. Za a yi abin da za a iya don rage mata zafi da ƙara mata kwana. Auta ta gyaɗa kai kamar ana karanta mata sakamakon wani, ta tambayi sunan maganin. Ni na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Haushin kaina nake ji, haushinta, haushin Dogo da man zafinsa, da na mutanen mujallar da ko sunansu ba mu sani ba.

Shugaban sashensu ya nemo min izini, yanzu ni ke ciyar da su. Sau biyu a mako nake rufe shago da hantsi, Dogo ya lulluɓa min baƙin ƙyalle, in zauna ina zaginsu ƙasa-ƙasa suna sha. Na ba maƙwabciyata turarukana duka. Masu kawo ɗinki suna kallon hannuna suna tambaya ko ƙyanda ce ta kama ni da girmana. Zuriya ɗaya ta rage, in ji Dogo, in wuta ba ta sake ɗaukewa ba.

Daga can nake wucewa asibiti. Gashinta ya zube, muryarta ta koma ƙasa, amma hannunta ya warke sumul, rabon da in gan shi haka tun tana makaranta. In na zauna sai ta jawo nawa ta ɗora a cinyarta, tana bin ƙurajen da yatsa.

"Sun ci sosai?"

"Sun ci, marasa kunya."

"Sun yi ƙwai?"

"Takardar da suke zubawa a kai ta yi baƙi da su."

Sai ta lumshe ido. Jiya ta buɗe ta dube ni da kyau, ta ce, "Yaya, idonki ya yi ja. Kina shan maganin hawan jininki kuwa?"

Na ce mata ina sha mana, ta yi barcinta. Kaina yana sarawa tun safe kamar ana buga ƙusa, kuma maganin yana nan cikin jakata, ban ɓalle ko ɗaya ba tun ranar da na zura hannu a kejin. Gobe ranar ciyarwa ce.