Furen da Ke Warin Mushe

Wani mutum ne ya cika ɗakin gilashin da ke bayan gidansa da furannin okid masu ƙamshi, amma ɗan lelensa wani ƙaton tsiro ne da ya share shekaru yana ba shi ruwa, shi kuwa ban da ganye ba ya yin komai. Yakan ce ranar da ya yi fure, warin mushe zai kori unguwa. Matarsa ta ce, "Ikon Allah! Mutane na neman turare, kai kana renon ɗoyi."

Sai da aka kwantar da shi a asibiti, idanunsa suka daina gani, likita ya daina zancen sallama, sannan ɗan banzan tsiron ya ga damar buɗewa. Da safe ta shiga ban ruwa, wari ya doke ta, ƙudaje sun yi dandazo a kan wani jan fure mai kama da hanta. Nan ta durƙusa tana kuka, domin kullum tambayarsa ɗaya ce, ko ya buɗe.

Ta san furen ba ya daɗewa, mijin ma haka. Ta kira likita ta roƙa a bar ta ta kawo shi gida, ya ce in aka cire masa robar numfashi ko ƙofar asibiti ba zai kai ba. Ta kira maƙwabci suka kama tukunyar da tsiron ke ciki don su ɗaga, ko gezau. Hankalinta ya tashi, ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ta ɗauko wuƙa ta yanke furen, ta sa a bokiti ta rufe da zane.

Direban tasi ya sauke ta a hanya yana tofar da yawu, ta ƙarasa asibitin da ƙafa. A bakin ɗakin da mijin ke kwance wata nas ta tare ta, hannu a hanci.

"Baba, me kika ɗauko haka?"

"'Yata, ki dubi Allah. Yanzu zan fita da shi."

Ta tura bokitin ƙarƙashin gado, ta yaye zanen. Can sai hancinsa ya motsa. Ya ja numfashi, ya sake ja, ya yi wata 'yar dariya da ta daɗe ba ta ji ba.

"Maman yara, ya buɗe! Har kayanki warin ya kama."

"Ya buɗe, Malam."

Ya laluba ya riƙe hannunta. "To ki tsare min shi, kar kowa ya taɓa. Sai ya bushe a kan tushensa zai ba da iri. Irin nan nake jira duk shekarun nan."

Ta sa ƙafa ta ƙara tura bokitin ciki a hankali, don kada ya yi ƙara.

"Ka kwantar da hankalinka," ta ce. "Ba wanda zai taɓa shi."