Kusurwar Zalabiya

Kyanwar ba ta Alhaji Buwalam ba ce, kuma duk unguwar Kasba an san ba sa ga-maciji da juna. Ta matarsa Yamina ce. Ita ta tsinto ta a bakin kasuwa, ita ta raɗa mata suna Zalabiya, sunan wani abin zaƙi irin alkaki, saboda jikinta ja-ja kamar an tsoma a zuma, ita kuma ke tare mata faɗa duk ranar da ta ɗauke masa kifi daga faranti. Da Yamina ta rasu, bangon tsohon gidan kuma ya tsage, sai 'yarsu Wahiba ta ce Baba ya dawo wurinta a unguwar Bab Ezzuwar. Ya zo da kyanwar a kwando, tana zaginsa tun daga ƙasa har saman bene.

A tsohon gida ba wanda ya taɓa tambayar inda Zalabiya ke zagayawa. Akwai gindin lemo a tsakar gida, ta san hanyarta. Nan kuwa sama ce, babu ƙasa ko cikin cokali. Rabah, mijin Wahiba, bawan Allah mai sanyin hali, ya sayo roba mai faɗi da buhun yashi. Sai aka shiga neman inda za a ajiye.

Aka fara da kicin. Wahiba ta ce, "A inda nake murza kuskus? Baba, ka rufa min asiri."

Aka kai banɗaki. Kyanwar tana cikin robar ke nan injin wanki ya tashi da girgiza, ta fito a guje da yashi a ƙafa, daga ranar ko ƙofar ba ta ƙara kallo ba. Baranda kuwa iska ta yi mata yawa, tsohuwa ce, ba ta son a kaɗa mata gashi. Da aka ajiye a 'yar hanyar da ke tsakanin ɗakuna, Rabah ya fito da sauri zai tafi aiki, ya zuba ƙafa a ciki har da safa. Ya canza safa kawai ya fita. Alhaji ya so a ce ya yi faɗa, da ya fi masa sauƙi.

To, kyanwa dai ba ta riƙe ciki don a gama shawara. Ta samo wa kanta bayan kujera a falo, kan kafet ɗin nan mai laushi, kuma ba a gano ba sai ranar da mahaifiyar Rabah ta zo shan gahawa ta yi ta ɗaga hanci.

Bayan baƙuwa ta tafi, Wahiba ta sami mahaifinta a ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba, idonta ma ja yake.

"Baba, na yi magana da mai kifi na ƙasa. Ya ce zai riƙe ta a shago. Za ta ƙoshi."

"Wannan? Da haƙoranta duk sun zube? Kyanwoyin kasuwa za su cinye ta kafin la'asar."

"To ya kake so in yi? Gidan nan ba nawa ba ne ni kaɗai."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya yi masa ciwo. Ya ce ta ba shi zuwa Juma'a.

Da ta fita, ya juya kan mai laifin. "Ke 'yar banza, kin ga abin da kika jawo mana? Shekaru kina cin kifina, yanzu kuma kin zo kina zubar min da mutunci a gidan suruki." Zalabiya ta yi hamma a fuskarsa, ta sauka daga gado, ta tafi tana cusa kai a bayan akwati.

Sai a lokacin ya lura kullum can take nema. Ɗakin ɗan mitsitsi ne: gado ya cinye bango guda, ƙofa ta cinye wani, kusurwar alƙibla nan yake shimfiɗa darduma, ba zai haɗa sallarsa da najasa ba. Kusurwa ɗaya ta rage, mai shiru, ba iska ba ƙafar mutane, kuma akwatin auren Yamina ne a wurin. Na katako ne, mai zanen tsuntsaye, ya ƙi shiga lif, na'urar hawa bene, sai da ƙarti suka hau da shi ta matakala. Wahiba ta roƙe shi tun ranar tashi ya bar wa Khalti Zuhur, wato innarta, ƙanwar marigayiyar, da ke garin Bilida, ya ce sai dai a bar shi tare da akwatin. Kowace safiya yakan ɗaga murfin ya shaƙi ƙamshin ruwan furen lemo da ya kama tufafinta. Yana kewarta ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Ya daɗe zaune yana kallon akwatin. Ya kwana da abin a ransa, ya tashi da shi. Ranar Alhamis da hantsi Wahiba ta ji ana jan abu mai nauyi a ƙasa. Ta tarar da tsohon yana haki, akwatin ya tokare ƙofa.

"Baba, akwatin Mama ne fa."

"Na san na waye. Ki ce wa Rabah in zai iya, ya kai wa Zuhur."

Ta duba hagu ta duba dama, ko za ta ga inda zai shiga a gidan. Babu, ita ma ta sani. Rabah ya kirawo maƙwabci suka sauka da shi a hankali. Sai da Rabah ya tambaya, "Alhaji, kun tabbata?" Alhaji ya kaɗa masa hannu kawai.

Ya share kusurwar da kansa, ya ajiye robar, ya zuba sabon yashi. Zalabiya ta zo ta sunsuna, ta zagaya, ta yi kamar ba ta gani ba don jan rai, sannan ta shiga. Alhaji ya juya mata baya, ya ce Wahiba ma ta juya, ba ta son a kalle ta. Suka tsaya uba da 'ya suna fuskantar bango, har suka ji ana tona yashi ana rufewa.

Wahiba ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. "Baba, kai fa ba ka taɓa son kyanwar nan ba."

"Har gobe ba na son ta. Amma tsaya ki gani."

Ya gyara murya, ya kira a hankali, irin kiran da yake yi wa matarsa a da in ya dawo daga masallaci. "Yamina."

Zalabiya ta bar lasar ƙafa. Ta ɗago kai ta zuba wa ƙofa ido, kunnuwa a miƙe, tana jiran a shigo.

Ya ce, "Akwatin ba ya yin haka."

Wahiba ta share fuska da gefen mayafinta, ta ce bari ta sauka ta gaya wa mai kifi an fasa.