Yumɓu a Madarar Roba

A garin Baling, in kana so ka zagi mutum zagi mai ciwo, ce masa ubansa yana zuba ƙasa a madarar roba don ta yi nauyi a sikeli. Rohaya ta san haka sarai. Amma da hantsin Asabar sai ga ta a rumfar ƙungiyar manoman roba, hannu ɗaya da bokitin madarar da ta gauraya da yumɓu, ɗayan kuma riƙe da 'yarta Izzati mai shekara biyu.

Shekara huɗu ke nan tana aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar safar hannu a Penang, yarinyar kuma tun yaye tana wajen kakarta. Zuwanta na makon jiya, Izzati ɓuya ta yi bayan zanen kakar kamar ta ga baƙuwa. In Pak Long Derus, wan mahaifinta kuma shugaban ƙungiyar, ya ba ta ɗakin bayan rumfa, za ta dawo gida ta riƙa yin robar cikin taya da wannan haɗin. In ya ƙi, motar komawa Penang ta ranar Litinin tana jiranta.

Pak Long ya leƙa bokitin ya taɓe baki. "Masu yin wannan aiki ɓoyewa suke yi. Ke da boko ya ratsa, da rana tsaka kika kawo mana."

"Su nauyi suke nema, Pak Long. Nawa cokali uku ne a bokiti, kuma ya fi hodar jarirai laushi. Kwana biyu nake jiƙa shi, in yi ta kaɗawa har roba ta naɗe kowace ƙwaya, kamar shinkafa a ganyen ayaba. In iska ta zo fita daga taya sai ta yi ta kewaye ƙwayoyin, ba ta samun hanya da wuri. Sai taya ta yi wata ba a ƙara mata iska ba."

"Ƙasa dai ƙasa ce."

"To tace madarar ka gani."

Ya ɗauko rariyarsa ta waya, wadda ta sha tona asirin mutane, ya juye. Madarar ta wuce fes. Ya shafa wayar da ɗan yatsa, babu komai.

Mak Cik Sabariah, mai kula da sikeli, ta kwashe da dariya. "Derus, rariyar ce ta tsufa ko idon?"

"Ke dai ji da sikelinki."

Ya ɗiba a kwano ya ɗiga asid. Rohaya ta ja yarinyar baya, ta kare mata hanci da gefen mayafi. Robar ta dunƙule fara sol. Da yumɓun a sake yake, da ruwan da ya rage ya gurɓace kamar na kwata. Pak Long ya ɗaga kwanon sama, ya karkata shi a rana. Ruwa garau.

Sai ya wanke dunƙulen, ya yagi kaɗan ya sa a baki, yadda tsofaffi ke neman tsakuwa.

"Da haƙora nawa za a yi binciken?" in ji Sabariah. "Na san huɗu, ɗaya ma na rance ne."

Pak Long ya ci gaba da taunarsa. Ya tauna ta dama, ya koma hagu, ya daɗe. Rohaya ba ta ji ko ɗar ba. Ta tauna nata tun a Penang, ba sau ɗaya ba.

Ya tofar. "Ina ya shiga?"

"Yana ciki. Sanye yake da riga."

Ya laluba aljihun ɗamararsa ya ciro makullin ɗakin bayan rumfa. "Wata uku na gwaji. Kuma kada in ji kowa ya ce ƙasa a rumfar nan. Ki nemo masa suna na mutunci."

Ta karɓa da hannu biyu. Idonta kuwa yana kan jarkar asid da ke ajiye a ƙasa, daidai tsayin Izzati.

"Na gode, Pak Long. Amma kafin komai, waccan jarkar sama za ta koma, kuma ƙofar baya tana son sakata."

"Ka ji! Ko minti ba ta yi ba, har ta fara aikena."

Ya dai sunkuya ya ɗauki jarkar.