Ƙofar da Hajiya 'Yardada Ta Bari a Buɗe

Ranar da kyanwa Gimbiya ta cinye masa tantabara ta uku, Kabiru maƙwabci ya yi sallama a soro ya ce, "Hajiya, da girmanki, amma daga yau zan zuba maganin ɓera a kan katanga. Na faɗa ne don kada a ce ban faɗa ba."

Hajiya 'Yardada ta san yana da gaskiya. Ta kama kyanwarta ta sa a ɗaki, ta ja ƙofa. Gidan nan na unguwar Madabo mai ɗaki shida su biyu suka rage a ciki. Mai gida ya rasu, ɗanta Mustafa yana Legas, 'yar autar tana gidan miji a Kaduna.

Kyanwar da ta saba yawon rufin unguwa ina ta san zaman ɗaki? Ta yi ta kuka, ta ƙi abinci, ta yage labule. Hajiya ta tashi tsaye. Ta ɗaura gashin tantabara a zaren ɗinkin hula tana ja a kan tabarma, ga ciwon gwiwa. Ta ɗora kujera a kan akwatin ƙarfe don Gimbiya ta kai taga, ta kalli ƙadangaru ta cikin raga. Ta shuka gero a tsohon kasko domin ta riƙa tsinkar ganye. Kifi kuwa a ƙarƙashin faifai take ɓoye shi, a nema kafin a ci. Tsofai-tsofai da ita, in ka leƙo sai ka rantse jika take raino. Cikin mako uku kyanwa ta murje, kuka ya ƙare.

Sai wata Asabar a islamiyya malama ta karanta hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare.

"Ita hana ta abinci ta yi, Hajiya," in ji malama da Hajiya ta tambaye ta. "Ke ai kina ciyarwa."

Duk da haka maganar ta tsaya mata a rai. Ta san ba maganin ɓera kaɗai take tsoro ba. Shirun gidan take tsoro.

Washegari da hantsi ta roƙi Kabiru ta kan katanga ya kwashe maganinsa, ya rufe tantabarunsa na yini ɗaya. Ta buɗe ƙofa, ta koma ta zauna, ta kame bakinta kada ta kira. Gimbiya ta shinshina dokin ƙofa, ta haye katanga, ko waiwaye babu. Hajiya ta yi azahar, ta yi la'asar, tuwonta ya huce ba ta taɓa ba. Duk motsin da ta ji a kan rufi sai ta ɗaga kai ta duba.

Dab da magariba kyanwa ta diro. Ta wuce ƙafar Hajiya kamar ba ta san ta ba, ta je ta dafe gashin tantabarar nan, ta ɗago kai tana jira.

"Don wannan kika dawo, na sani," in ji Hajiya. Ta laluba bakin zaren. "Ba komai. Waɗanda na haifa ma ban samo abin da zai dawo da su ba."