Waken da ya nuna a tsakiyar damina

Ranar da malamin gona ya tara mutane, Gajere yana kwance da kumburin ƙafa. Ƙanen matarsa ne ya je a madadinsa, direban babbar mota, wanda rabonsa da fartanya tun yana yaro. Shi ya kawo masa sabon irin wake da ɗan bayanin da ya iya riƙewa.

"Yaya, layi-layi za ka shuka shi, shi kaɗai, ban da gero. In ya fara fure ka yi feshi. Kuma sauri gare shi, kafin ka ankara ya nuna."

"Yaushe ake shukawa?"

Direba ya sosa ƙeya. "Ya dai faɗa. Amma kai da ka yi furfura a gona, ni zan koya maka lokacin shuka?"

Gajere ya yi nasa tunanin. Tsohon wakensa kullum ruwa ke ɗauke masa kafin ya yi ido. To bana ba za a yi haka da shi ba. Ruwan farko na sauka ya bi gonarsa, wadda ba shi da wata sai ita, ya cika ta da sabon iri. Tsohon irin kuwa ya ce wa matarsa ta dafa wa yara.

Wake ya yi kyau, babu ƙarya. Masu wucewa har tsayawa suke yi. Ya yi feshi yadda aka ce. Sai ga shi ya nuna tun damina na tsakiyarta, ruwa safe da yamma. Ƙwanso ya fara baƙi. Gajere ya ɓare ɗaya, ya ga ƙwayar ta tsira a ciki.

Suka roro shi a jiƙe. Suka shanya a zaure, a tsakar ɗaki, har ƙarƙashin gado. Matar na juyawa, shi yana leƙen sama. Gidan duk ya ɗauki warin ruɓa.

Ana cikin haka malamin gona ya biyo ta unguwar a kan babur. Ya damƙi waken, ya shinshina, ya zubar.

"Baba, wa ya ce ka shuka da ruwan farko? Wannan sai damina ta yi nisa ake sa shi, don ya nuna lokacin da ruwa ke janyewa."

"Ba wanda ya ce. Yanzu me zan yi?"

Malamin ya ɗaga kai ya dubi hadari. "Sai dai in rana ta fito."

"Ranar a ofishinku take?"

Malamin ya koma kan babur ɗinsa. Da Gajere ya tambaye shi ko akwai sauran iri, ya ce an gama rabawa.

Maƙwabta suka yanke hukunci cewa irin banza ne, babu mai ƙara taɓa shi. Gajere ya san irin ba shi da laifi, amma wa zai saurari mutumin da gidansa ke wari?

Matarsa ta zauna tana tsince masu lafiya a kwano, ko za a samu na shuka baɗi. Ta daɗe tana yi kafin ta miƙo masa.

"Maigida, duba."

Ko gindin kwanon bai rufe ba. A kan kwanon rufin ɗaki kuma, ruwa ya sake farawa.